Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kuɗi: maganar kirifto da mabuɗin lalitar talaka

Zuwa ga Mai girma Ministan Tattalin Arziki da Kuɗi, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya dafa wa sojojinmu da ke daji, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, daga Tawa nake rubuto maka. Ni ba ma'aikacin banki ba ne. Aikina riƙe littafin lissafi ga wasu 'yan kasuwar albasa da ke ɗaukar kaya daga Galmi da Madawa da Tamaske su kai Kumasi da Akara da Abijan. Na rubuta da Hausa da gangan, tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce ita ce harshen ƙasa, kuma mutanen da zan yi magana a kansu da ita suke ciniki, da ita kuma ake damfararsu.

Ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun karɓi mulki, shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba mana takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka garƙame asusun ƙasa da ke babban bankin BCEAO, aka tsayar da hulɗar kuɗi tsakaninmu da maƙwabta, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana. Ka fi ni sanin abin da wannan ya yi wa baitulmali. Bari in gaya maka abin da ya yi a unguwarmu.

Motocin albasa suka maƙale a bakin iyaka, kaya na ruɓewa a cikin buhu, direbobi na kwana ƙarƙashin mota. Mai gidana yana da kuɗinsa na halal a wani banki da ba zan kama sunansa ba, ya bi layi tun bayan asuba, da ya isa gaban taga aka ce masa ga iyakar abin da za a iya ba shi yau, ya dawo gobe. Abin da aka ba shi bai kai ya sallami manoma uku ba. A daidai wannan lokaci maganin hawan jinin tsohuwarmu ya ƙare, farashinsa kuma ya tashi. Ƙanena da ke ci-rani a Abijan yana da jika 200 a hannu, ya je inda ya saba aikowa, aka ce ya yi haƙuri. Kwana shida muna waya, kuɗin na nan, buƙatar na nan, babu hanya a tsakani.

Wani yaro mai gyaran salula a bakin kasuwa shi ya warware mana. Ya ce ƙanena ya je unguwar Ajame a can Abijan ya nemi wani abokin hulɗarsa, ya ba shi sefa a hannu. Wancan ya turo wa yaron wani abu da ake kira USDT a waya, yaron ya buɗe akwati ya ƙirgo mini kuɗi. Kafin la'asar na sayi maganin. Ladan da ya cire ya fi wanda muka saba biya, ban kuma yi gardama ba. Na tsaya ina kallon wayarsa ina tunanin cewa abin da shugabannin ƙasashe suka taru suka rufe, yaron da bai gama lakwal ba ya bi ta gefensa ya wuce.

Tun ranar na shiga neman sanin wannan abu, don mai riƙe da lissafin mutane bai kamata ya yi amfani da abin da bai gane ba. Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure masana su gyara mini a fili.

Bitcoin, wanda shi ne na fari cikin irin waɗannan kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto, ya fara aiki ranar 3 ga Janairu 2009, daga hannun wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, wanda har yau ba a tabbatar ko wane ne ba. Asalinsa littafin lissafi ne irin nawa, sai dai nawa kwafi ɗaya ne a cikin akwati, shi kuwa kwafinsa yana cikin dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kuma kusan kowane minti goma ana ƙara masa shafi. Wanda ya so goge layi ɗaya sai ya rinjayi sauran duka. Ba za a taɓa buga fiye da miliyan 21 ba, haka aka tsara shi. Mai son ajiya yana buɗe lalita a wayarsa, ba takarda, ba mai ba da izini, a ba shi kalmomi 12 ko 24 ya rubuta ya ɓoye. Waɗannan kalmomi su ne mabuɗin. In wayar ta faɗa rijiya, ya sa su a wata wayar kuɗinsa ya dawo. In kalmomin suka ɓata, ko wani ya gan su, shi ke nan, babu ofishin da zai kai kuka.

Wannan maganar mabuɗi ita ce ta tsaya mini a rai, domin ita ce darasin takunkumi. Kuɗin da ke banki alkawari ne, kuma mai alkawarin yana da na gaba da shi. An garƙame Mali daga Janairu zuwa Yuli 2022. An yanke gwamnatin Laurent Gbagbo daga BCEAO lokacin rikicin zaɓen 2010 da 2011. Bayan Taliban sun shiga Kabul a Agusta 2021, Amurka ta riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin Afganistan. Rasha ma da girmanta, da ta shiga Yukiren a Fabrairu 2022, an tsare mata kusan dala biliyan 300 na ajiyarta a waje, aka cire wasu bankunanta daga SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke tura wa juna kuɗi. Kowa da ra'ayinsa a kan waɗannan gwamnatoci, amma a ko'ina wanda ya fara jin yunwa shi ne mai sayen magani da mai jiran aike.

Mu kuma mun daɗe da sanin haka. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma kakanninmu da wuri suka yi fatauci daga Adar har Gwanja, ba sarkin da ke buga shi. Bature ne ya zo ya ce haraji sai da tammarsa, wurin da ke cikin rumbu ya zama tarkace. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, yau tana ɗaure da yuro a kan kusan 656, takardunta kuma a Faransa ake buga su. Ina saurayi ranar 12 ga Janairu 1994 aka raba darajarta biyu dare ɗaya. Ban manta fuskar mahaifina ba da ya ji a rediyo cewa kuɗin hajjin da ya yi shekaru yana tarawa ya zama rabi. Don haka da Janar Abdourahamane Tiani ya ce a hirarsa ta Fabrairu 2024 kuɗi alama ce ta 'yancin kai, ban ji abin musu ba.

Amma, ranka ya daɗe, in na tsaya a nan na yaudare ka, na kuma yaudari matasan da za su karanta wannan.

USDT ɗin da ya ceci tsohuwata yana da mai shi. Kamfanin Tether ne ke fitar da shi, yana cewa kowane ɗaya daidai yake da dalar Amurka ɗaya, mafi yawan ajiyarsa kuma takardun bashin gwamnatin Amurka ne. Kamfanin yana iya danna maɓalli ya tsayar da abin da ke lalitar kowa, kuma yana yi. A Maris 2025 ya tsayar da fiye da dala miliyan 25 na kasuwar kirifto ta Garantex da ke Rasha, kasuwar ta rufe. Yaranmu na kiran wannan 'yanci, ni kuwa ina ganin gudun gara ne aka tarar da zago. Mun ce muna neman fita daga inuwar Faransa, ga shi 'yan kasuwarmu na mayar da jarinsu dalar Amurka a cikin waya, ba tare da kowa ya yi shawara da kowa ba. Kowace jika da ta koma USDT, jika ce da ta fita daga hannun duk wani kuɗin ƙasa da za ku kawo gobe.

Bitcoin ba shi da mai tsayar da shi, wannan gaskiya ne, amma farashinsa doki ne marar linzami. A Nuwamba 2021 ya kai kusan dala 69,000, bayan shekara ɗaya ya faɗi ƙasa da 16,000. Manomin da ya fitar da albasa daga rudu yana son kuɗin taki da na auren ɗiyarsa ba zai iya zama da wannan ba. Afirka ta Tsakiya ta gwada mayar da shi kuɗin ƙasa a Afrilu 2022, ta ƙara da nata da ta kira Sango, a ƙasar da masu intanet ba su fi ɗaya cikin goma ba. Kafin shekara ta cika majalisar Bangi ta janye. A nan ma mai wutar lantarki bai wuce ɗaya cikin biyar ba, kuma ka bar kwalta kaɗan rezo ya ɗauke. Duk wanda ya zo ofishinka da jaka da kwat ya ce zai yi wa ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, kuɗin kirifto, a tambaye shi labarin Sango tukuna.

Sai damfara, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu. A 2024 kusan kowane saurayi a Tawa yana dannan waya dare da rana, wai yana haƙar kirifto a wasan Hamster ko Tapswap, kredinsa na ƙarewa, aikin gona na jira. Wannan ma da sauƙi, lokaci ne ya tafi. Ɗan yayata ya sayar da moto da yake kabu-kabu da shi, ya zuba a wani dandali da aka turo masa a WhatsApp, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. Watan fari an biya shi, sai ya jawo abokansa huɗu da matar wansa da kuɗin adashinta. Wata na uku shafin ya ɓace. Na raka shi kai ƙara, wanda muka tarar ya saurare mu da mutunci, amma bai san me zai rubuta a takarda ba, kuma ban ga laifinsa ba, ba wanda ya koya masa. Yaron nan yanzu yana Libiya, ya tafi ne don kunyar haɗa ido da mutane. Banza ba ta kai zomo kasuwa, mun sani, amma wanda talauci ya matsa ba ya jin karin magana. Maƙwabtanmu sun ga irin wannan a MMM a 2016, suka sake gani a CBEX a Afrilu 2025. Har manyan kasuwannin waje ba su tsira ba: FTX ta rushe a Nuwamba 2022 da kuɗin jama'a, mai ita yana zaman shekara 25 a kurkuku. Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su, mutane sun miƙa wa wani mabuɗinsu.

Na san abin da jami'an tsaro za su ce maka, kuma ba na raina shi. Ƙasa tana cikin yaƙi. Mu mutanen jihar Tawa ba a ba mu labari. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a Intazayene da Bakorat da kewayensu a yankin Tiliya, kuma ina da abokan ciniki da suka bar garuruwansu har yau ba su koma ba. In akwai hanyar da kuɗi ke bi ya isa hannun masu wannan aika-aika, ni ne na farkon mai cewa a toshe ta. To amma a tambayi kowane makiyayi daga Abalak zuwa Tasara da me waɗannan mutane ke cin abinci. Shanun da suke korawa, harajin dole da suke laƙaba wa suna zakka, kuɗin fansa, man fetur na sumoga, zinariya. Duk da takardar kuɗi ake wannan ciniki, ita kuwa takarda ba ta da baki. Littafin Bitcoin a buɗe yake, kowa na iya ganin abin da ya tashi daga wannan lalita zuwa waccan, har abada. Da haka masu bincike suka bi sawun kusan dala biliyan ɗaya da rabi da aka sace daga kasuwar kirifto ta Bybit a Fabrairu 2025, hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Akwai na'urorin ɓatar da sawu, ban musa ba, amma jami'in da aka horar zai fi samun abin kamawa a nan fiye da a buhun jika goma-goma da ya ratsa daji a bayan moto.

Kuma a yaƙi kowa na amfani da kirifto. Kwana biyu da fara faɗa, ranar 26 ga Fabrairu 2022, gwamnatin Yukiren ta wallafa lambobin lalitarta, cikin 'yan makonni aka tura mata fiye da dala miliyan 50. Rasha da ta yi shekaru tana ɗari-ɗari da shi, a 2024 ta yi dokar da ta halatta haƙarsa da biyan cinikin waje da shi. Ƙasar da ta ɗanɗana takunkumi kamar tamu ba ta da dalilin zama cikin jahilcin abin da manya ke rige-rigen koya.

Hani kuwa an gwada shi a gabanmu. Ranar 5 ga Fabrairu 2021 babban bankin Najeriya ya umurci bankuna su rufe asusun masu wannan ciniki. Cinikin bai tsaya ba, ya koma hannu da hannu, inda hukuma ba ta gani. A Disamba 2023 suka janye umurnin, a 2025 suka sa shi cikin dokar kasuwar jari. Tsakanin Ƙonni da Illela tafiyar moto ce ta 'yan mintoci, duk abin da aka hana a nan za a yi shi a can da yamma. Abin da hani zai haifar shi ne yaro mai gaskiya irin wanda ya taimake ni ya zama mai laifi, kowane shinge ya zama wurin tatsarsa, wanda aka damfara kuma ya ji tsoron kai ƙara.

Shirun da ake ciki yanzu ma ba alheri ba ne. Ba wanda ya san matsayinsa. Mai canji bai san ko gobe za a kama shi ba, mai saye bai san wa zai amince wa ba, macuci kaɗai ke jin daɗin duhun.

Abin da nake roƙo doka ce, a rubuce, a fili, da harshen da muke ji. Na san muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu sefa ta yammacin Afirka, har yanzu kuma wasu abubuwan sai da Dakar, inda hedkwatar BCEAO take, amma sanin wane ne ke canji a bakin kasuwar Tawa ba ya buƙatar izinin kowa. A yi wa masu canjin kirifto rajista kamar yadda aka san kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, da kuɗin rajistar da ƙaramin yaro zai iya biya, don in aka tsawwala manya uku za su kwashe kasuwar sauran su koma ɓoye. Su riƙa rubuta sunan mai babban ciniki. A horar da mutanen CENTIF, hukumar bin sawun haramtattun kuɗi, da 'yan sanda da alƙalai karatun wannan littafi, a kuma sa ko mutum biyu a kowace jiha waɗanda in an kawo ƙara sun san me ake faɗi. Jami'ar Djibo Hamani tana nan garinmu cike da yara masu kai, a ba su wannan aiki. A bar wa ɗan ƙasa haƙƙin riƙe lalitarsa da mabuɗinsa, kamar yadda ba a hana tsohuwa ɗaure kuɗinta a bakin zane ba.

Malamanmu ma a zaunar da su da masana. Muftin Masar ya haramta Bitcoin tun shekarun baya, wasu malaman sun halatta da sharaɗi, matasa kuma kowa na ɗaukar fatawar da ta yi masa daɗi a TikTok. In aka bambance wa malami tsakanin aika kuɗin magani da cacar hawa da saukar farashi da dandalin ninka kuɗi, huɗubar Juma'a ɗaya za ta yi aikin da sanarwa goma ba su yi ba. Gidajen rediyon karkara su ɗauka da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci. Jimla ɗaya ma ta isa a fara da ita: kada ka faɗa wa kowa kalmominka, ko da ya ce daga kamfani yake.

Akwai magana ta ƙarshe da ta fi sauran nauyi a bakina, zan kuma faɗe ta don ina ƙaunar ƙasar nan. Na ba da gudummawata ga FSSP, asusun haɗin kai don ceton ƙasa, tun da aka kafa shi a Oktoba 2023, da zuciya ɗaya, ina kuma jin daɗi in na ga ana bayyana abin da ya shigo. Ina fatan a kai ga ranar da shiga da fitar wannan asusu za su kasance a littafin da kowane ɗan ƙasa zai buɗe a wayarsa, wannan shi ne abu mafi kyau da za mu ara daga fasahar nan, ba ma sai da kirifto ba. Haka kuma dokar Agusta 2024 da ta kafa rajistar waɗanda ake zargi da hannu a ta'addanci ta ba hukuma ikon rufe dukiyarsu. Na fahimci dalilin. Amma mu da aka rufe wa asusu daga Abuja ba tare da an saurare mu ba, mun san zafin abin. Ina roƙon duk rufe asusun ɗan ƙasa ya bi ta gaban alƙali, da wa'adi, da ƙofar ɗaukaka ƙara. In mutane suka ji cewa ajiyarsu na iya tafiya da sa hannun mutum ɗaya, za su kwashe ta su kai USDT, kuma sabon kuɗin da muke fata zai zo ya tarar da amana ta riga ta yi hijira. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma mai gidana har yau bai mayar da rabin abin da yake ajiyewa banki ba.

In za ka turo wani ya gani da idonsa, ya zo Tawa ranar Lahadi, ranar kasuwa. Ya bar motar ofis a nesa, ya zauna a rumfar masu gyaran salula daga hantsi zuwa azahar, ya ƙirga matan da ke zuwa karɓar aiken mazansu daga Abijan da Tamanrasat da Sabha, ya tambaye su ta wace hanya kuɗin ya zo. Ni zan raka shi, in kuma yana so in kai shi gidan yayata ya ji sauran labarin daga bakinta.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Mai riƙe da littafin 'yan albasa,
Tawa, ƙasar Adar.